Cire Wa Garkuwar Jiki Linzami: Sabon Maganin Sankarar Huhu Da Illarsa Ga Jijiyoyi

A watan Oktoba na shekarar 2018 ne aka ba wasu masana guda biyu, James Allison na ƙasar Amurka da Tasuku Honjo na ƙasar Japan, lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci. Abin da ya jawo musu wannan girma shi ne gano wata sabuwar hanya ta yaƙi da cutar sankara, wadda wasu ke kira ciwon daji. Maimakon a yanke ƙarin, ko a gasa shi, ko a ɗura wa jiki magani mai dafi, sai a kwance dakarun da jiki ya riga ya mallaka, a sake su su yi aikin da kansu. Masu fama da sankarar huhu suna cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan hanya. To amma, kamar yadda masu iya magana kan ce, kowane allazi da nasa amanu. Dakarun da aka saki ba kullum suke tsayawa a kan abokin gaba ba. Wani lokaci sukan juyo su far wa mutanen gida, kuma idan abin ya faɗa a kan jijiyoyi da tsoka da ƙwaƙwalwa, ɓarnar takan zo da sauri ƙwarai. Wannan illa ba ta cika aukuwa ba, shi ya sa yake da sauƙi a tsallake ta wajen yi wa majiyyaci da danginsa bayani. Tsallakewar nan kuwa kuskure ne, domin illar da ke iya tsayar da numfashin mutum cikin 'yan kwanaki ba a auna ta da ƙarancinta kaɗai.

Kafin a kai ga illar, ya dace a san girman abin da ake yaƙa. Ƙididdigar Cibiyar Binciken Sankara ta Duniya da ke birnin Liyon a Faransa ta nuna cewa a shekarar 2022 kaɗai, mutum kimanin miliyan 2.5 ne suka kamu da sankarar huhu, ta kuma yi ajalin kimanin miliyan 1.8. Babu wata sankara da ta kai ta kisa. Mafi yawan masu kamuwa da ita mashaya taba ne, ko waɗanda suka daɗe suna sha kafin su bari, abin da ya kamata ɗalibin da ya fara laɓewa a bayan aji da karan sigari ya riƙe a zuciyarsa. Likitoci sun kasa cutar gida biyu, bisa ga kamannin ƙwayoyinta idan an duba su da madubin ƙara girman abu. Akwai mai ƙananan ƙwayoyi, wadda ta ɗauki kimanin kashi 15 cikin 100 na masu cutar, ga ta da saurin yaɗuwa. Sauran kashi 85 kuwa na ɗaya gidan ne.

Kafin shekarar 2015, wanda cutar ta riga ta bazu a jikinsa da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu. Domin a ga irin canjin da aka samu, sai a dubi wani gwaji mai suna KEYNOTE-024, wanda aka fara bayyana sakamakonsa a 2016. An ɗauki majiyyata 305 waɗanda cutarsu ta yi nisa, kuma ƙarin nasu yana ɗauke da wata alama da ke nuna zai amsa sabon maganin, aka raba su gida biyu. Gida ɗaya aka fara musu da tsohon magani mai dafi, wato kemoterafi, ɗayan kuma da sabon magani mai suna pembrolizumab. Bayan shekara 5, kimanin kashi 32 cikin 100 na waɗanda aka fara wa sabon maganin suna raye, alhali kuwa a ɗaya gidan kashi 16 ne. Saboda haka babu mai hankalin da zai ce a guji wannan magani. Maganar ita ce yadda za a karɓe shi da ido buɗe.

Yadda Linzamin Yake

A cikin jinin ɗan Adam akwai fararen ƙwayoyi iri-iri masu tsaron jiki, waɗanda a dunƙule ake kira garkuwar jiki. Daga cikinsu akwai waɗanda ake ce wa ƙwayoyin T. Sun samo wannan suna ne daga wani ɗan ƙullutun nama da ke bayan ƙashin ƙirji mai suna taimus, inda suke samun horo tun mutum yana jariri. Darasin da ake koya musu a can guda ɗaya ne: su bambanta ɗan gida da baƙo. Duk ƙwayar da aka ga tana da halin cizon ɗan gida, a nan ake kashe ta. Sai dai wannan tankaɗe da rairaya bai cika tsaf ba, wasu masu mugun hali sukan sulale su fita. Don haka jiki ya tanadi kariya ta biyu. Kowace ƙwayar T tana ɗauke da wasu furotin a bayanta masu aiki kamar linzami a bakin ingarma: in an ja su, sai ta tsaya. Biyu daga cikinsu su ne suka fi shahara, ɗaya ana kiransa CTLA-4, ɗayan kuma PD-1. Wannan na biyun Honjo da abokan aikinsa ne suka gano shi a Jami'ar Kiyoto a 1992.

Lafiyayyun ƙwayoyin jiki suna da wani furotin mai suna PD-L1, wanda in ya haɗu da PD-1 sai ya ja linzamin, tamkar mutum ya nuna wa mai gadi takardar shaida. Wayon da sankara ke yi shi ne, ita ma sai ta lulluɓe kanta da wannan shaida, dakarun su zo su shinshina su wuce. Ita ce alamar da aka nema a jikin majiyyatan gwajin da aka ambata a sama. A 1996, Allison, wanda a lokacin yake Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya nuna cewa in an toshe CTLA-4 a jikin ɓera mai ƙari, ƙarin yakan narke. Daga nan aka kama hanyar da ta kai ga maganin ipilimumab, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2011 domin sankarar fata. A 2015 ta amince da nivolumab da pembrolizumab, masu toshe PD-1, domin sankarar huhu. Daga baya atezolizumab da durvalumab, masu toshe PD-L1, suka biyo baya. Dukkansu ta hanyar ƙarin ruwa aka saba ba da su, sau ɗaya a cikin 'yan makonni.

Wani abin lura shi ne, tun kafin a ba ɗan Adam ko ɗigo ɗaya na waɗannan magunguna, ɓeraye sun riga sun faɗi abin da zai faru. A 1995 masana suka samar da ɓerayen da aka haifa ba su da CTLA-4 sam. Ba su wuce mako 3 zuwa 4 a duniya ba, domin ƙwayoyin T ɗinsu sun yi ta hayayyafa suna cinye gaɓoɓinsu. Ɓerayen Honjo marasa PD-1 sun fi daɗewa, amma su ma wasu sun kamu da ciwon gaɓɓai da na ƙoda, wasu kuma, kamar yadda aka bayyana a 2001, zuciyarsu ce ta kumbura ta gaza. Wato ke nan illar maganin da amfaninsa daga tushe ɗaya suke fitowa. Ba gurɓata ba ce da za a tace a zubar. Linzamin da aka cire domin doki ya tattake abokin gaba, shi ne dai wanda ke hana shi tattake shukar gida.

Mafi yawan lokaci ɓarnar takan tsaya ne a fata, ko hanji, ko hanta, ko ƙullutun maƙogwaro mai suna tayirod, ko kuma shi kansa huhun. Jijiyoyi suna can ƙasa a jerin. A nan ya kamata a tsaya a fayyace wani abu, domin kalmar jijiya a Hausa tana da faɗi: ana faɗinta ga hanyar jini, ana faɗinta ga agara. Wadda ake nufi a nan ita ce jijiyar saƙo, wato zaren nan da ke tasowa daga ƙwaƙwalwa da laka, yana kai umarni ga tsoka, yana kuma dawo da labarin zafi da sanyi da taɓawa.

Alamun Da Ke Ɓuya A Bayan Cutar

A daidai inda jijiyar saƙo ta haɗu da tsoka akwai wani ɗan rata wanda ido ba ya gani. Saƙo ba ya tsallake wannan rata sai jijiyar ta fesa wani sinadari mai suna asetilkolin, tsokar kuma ta cafke shi da wasu 'yan ƙofofi da ke jikinta. In garkuwar jiki ta toshe ƙofofin nan, sai jijiya ta yi ta kira tsoka ba ta amsawa. Wannan cuta ita ake kira mayasteniya, kuma an san ta tun ƙarnoni kafin zuwan sabon maganin. Wadda aka saba gani takan zo a hankali, a yi watanni ana lallaɓa ta, kuma mafi yawan masu ita suna rayuwarsu da magani. Wadda sabon maganin ke tayarwa kuwa halinta dabam ne. Takan ɓullo da wuri, galibi bayan ƙarin ruwa na farko ko na biyu, ta kuma tsananta cikin kwanaki. Wani bincike da aka buga a 2017 ya bi diddigin mutum 9,869 da aka ba nivolumab a Japan, ya sami 12 da suka kamu da ita. Adadin ƙanƙane ne, amma likitocin sun lura da wani abu mai tayar da hankali: sau da yawa ba ita kaɗai take zuwa ba, takan taho da kumburin tsokar jiki, wani lokaci har da kumburin tsokar zuciya. Wannan tafiya ta uku ita ce mafi hatsari a cikin dukkan illolin maganin.

Farkon abin ba shi da ban tsoro ko kaɗan. Fatar ido ɗaya ta ɗan sauko, musamman da yamma. Mutum ya ga abu ɗaya ya zama biyu. Muryarsa ta koma ta hanci, ko ya riƙa ƙwarewa in ya kurɓi ruwa, ko tauna ta gajiyar da shi kafin ya gama cin tuwo. Wani kuma wuyansa ne zai kasa ɗaukar kansa, ko ya kasa miƙewa daga tabarma sai an kama shi. Duk wanda ya taɓa jinyar mai sankara ya san abin da za a ce: ai cutar ce, ai rashin cin abinci ne, ai jiki ne ya yi laushi. Mafi muni shi ne lokacin da abin ya kai ga tsokar numfashi, wato faffaɗar tsokar nan da ta raba ƙirji da ciki. Mai sankarar huhu ne yake haki, wa zai yi tunanin wani abu ban da huhu? Alhali kuwa huhun yana nan yadda yake, mazugin ne ya gaji. Hatta 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa domin auna iskar jini tana iya nuna lafiya lau har sai abin ya yi nisa. Alamar da ta fi tona asiri ita ce mutum ya kasa kwanciya rigingine saboda numfashi na ɗaukewa. Akwai kuma wani ɗan gwaji da likitoci ke yi a bakin gado, wanda ba ya bukatar ko sisin kwabo: a sa majiyyaci ya ja dogon numfashi ya yi ta ƙirga ɗaya, biyu, uku har iskar ta ƙare. In adadin da yake kaiwa yana raguwa daga safe zuwa yamma, ko daga yau zuwa gobe, to ba a kwana da shi a gida.

Akwai kuma cutar da ake kira da sunan likitocin Faransa Guillain da Barré, waɗanda tare da abokin aikinsu Strohl suka bayyana ta a jikin sojoji biyu a 1916. A nan rigar da ta lulluɓe jijiya ce ake ɓarkewa, kamar a feƙe robar wayar lantarki. Rauni yakan faro daga ƙafafu ya yi ta hawa sama cikin kwanaki, har ya iya kaiwa ga numfashi. Tsohon magani mai dafi shi ma yana lalata jijiyoyi, kuma da yawa daga majiyyata ana haɗa musu biyun, amma nasa yakan zo ne sannu a hankali, da dindiris a yatsun hannu da na ƙafa. Saurin abin shi ne babban bambanci. Sa'an nan ga kumburin ƙwaƙwalwa, mai zuwa da ruɗewa, da mantuwa, da yawan barci, da canjin hali, wani lokaci da jijjiga irin ta farfaɗiya. Ga kuma kumburin tantanin da ya rufe ƙwaƙwalwa, mai kawo ciwon kai da sandarewar wuya, wanda ba a raba shi da sanƙarau sai an ɗebi ruwan laka an auna.

Mai sankarar huhu yana da wata matsala ta musamman da ta sa lamarinsa ya fi na sauran rikitarwa. Da farko dai, huhu yana cikin gaɓoɓin da sankararsu ta fi yawan tsallakawa zuwa ƙwaƙwalwa, don haka duk wata ruɗewa ko ciwon kai, zato na farko shi ne cutar ce ta isa can. Na biyun ya shafi sankara mai ƙananan ƙwayoyi. Ƙwayoyinta suna da dangantaka da ƙwayoyin jijiya, har suna ɗauke da wasu furotin irin na jijiya a jikinsu. In garkuwar jiki ta koyi sarar waɗannan furotin a jikin ƙari, babu abin da zai hana ta sararsu a inda suke na asali. An san da wannan tun kafin sabon maganin. A tsakiyar shekarun 1950, Lambert da Eaton na asibitin Mayo a Amurka suka bayyana wani irin raunin tsoka da ke tafiya tare da wannan sankara, wanda ke kama kimanin kashi 3 cikin 100 na masu ita. Bugu da ƙari, wani bincike na 1997 ya sami kimanin kashi 16 cikin 100 na masu wannan sankara suna ɗauke da wani makamin garkuwa mai suna anti-Hu a jininsu, wanda ke iya kai hari ga jijiyoyi, ba tare da sun nuna wata alama ba. Wato garwashi ne a ƙarƙashin toka. Tun daga 2019, lokacin da aka amince da atezolizumab domin wannan gida na sankara, waɗannan mutane su ma ake cire wa garkuwarsu linzami, kuma likitoci sun ba da rahotannin inda garwashin ya ruru ya zama gobara. Irin wannan kumburin ƙwaƙwalwa ya fi sauran taurin kai wajen magani, domin ƙwayar jijiyar da ta mutu ba ta dawowa.

To, mutum nawa abin yake samu? A 2017 wasu likitoci a Faransa suka tattara gwaje-gwaje 59 da suka ƙunshi majiyyata fiye da 9,000. Suka sami cewa kimanin kashi 6 cikin 100 na masu karɓar maganin toshe PD-1 sun sami wata matsala ta jijiya, kashi 12 kuma in an haɗa magunguna biyu. Mafi yawansu ƙananan abubuwa ne kamar ciwon kai da jiri. Masu tsanani ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Wannan shi ne adadin da ake kafa hujja da shi a ce abin bai kai a ɗaga hankalin majiyyaci ba. Amma akwai wani adadin da ya kamata a ajiye kusa da shi. A 2018 masana a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka duba rahotannin mace-macen da aka danganta da waɗannan magunguna a rumbun bayanan Hukumar Lafiya ta Duniya. A cikin waɗanda suka rasu sanadiyyar masu toshe PD-1 da PD-L1, kimanin kashi 15 cikin 100 illar jijiya ce ta yi ajalinsu. Abin da yake can ƙasa a jerin illoli, sai ga shi ya hauro kusa da sama a jerin masu kisa. Ɗalibin lissafi zai ga darasin da ke ciki: yawan aukuwar abu dabam, nauyinsa in ya auku dabam, kuma mai yanke shawara da adadi ɗaya ya bar ɗayan ya yi rabin aiki.

Masu ganin a taƙaita bayani suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce mutumin da aka gaya wa yana da sankarar huhu ya riga ya ɗauki kayan da suka fi ƙarfinsa. In aka ƙara masa da labarin shanyewar jiki da tsayawar zuciya, yana iya tsorata ya ƙi maganin da watakila zai ƙara masa shekaru, a zo garin gyaran gira a rasa ido. Gaskiya ne akwai bayanin da ke korar mutum. To amma maganin wannan shi ne a iya bayanin, a faɗi adadin yadda yake: a cikin mutum 100, fiye da 99 ba za su gamu da mai tsananin ba, wanda ya gamu da ita kuma, in ya zo da wuri, akwai abin yi. Daɗin daɗawa, wannan illa ba a ɗakin likita take fara nuna kanta ba. A tsakar gida take farawa, kwanaki da yawa bayan an cire allura, a gaban mata ko ɗa ko jika. In waɗannan ba su san abin da za su duba ba, babu wanda zai duba.

Abin yin kuwa sananne ne, ƙungiyoyin likitocin sankara na Amurka da na Turai duk sun fitar da ƙa'idoji a kansa. Da zarar an yi zato, sai a dakatar da maganin, a auna jini domin ganin ko tsoka da zuciya suna lalacewa, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, a ɗebi ruwan laka in da hali. Sa'an nan a mayar da linzamin ta hanyar ba da maganin sitiroyid mai ƙarfi. In abin ya yi tsanani, akan ƙara da wani ruwan furotin na garkuwa da ake tatsowa daga jinin masu ba da gudummawa, ko kuma a tace ruwan jinin majiyyaci da na'ura. Mai mayasteniya ana son a yi masa wannan a inda akwai na'urar taimakon numfashi, domin sitiroyid kan iya ƙara masa rauni na 'yan kwanaki kafin ya fara aiki. Likitoci suna muhawara a kan ko sitiroyid mai yawa yana rage ƙarfin yaƙin da ake yi da ƙarin, amma in numfashi ne a kan gaba, muhawarar sai ta jira. Wanda illar ta yi wa tsanani, ƙa'ida ita ce kada a sake ba shi maganin. Duk da haka, an sha ganin waɗanda ƙarinsu ya ci gaba da lafawa tsawon lokaci bayan an daina, saboda dakarun sun riga sun gane abokin gaba.

Inda Abin Ya Shafi Ƙasar Hausa

Wani zai ce wannan duk matsalar masu hali ce a ƙasashen da suka ci gaba. Lalle maganin yana da tsadar gaske. Pembrolizumab, wanda ake sayarwa da sunan Keytruda, shi ne maganin da ya fi kowanne kawo kuɗi a duniya a 2023 da 2024. Amma abubuwa suna sauyawa. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin jerin muhimman magunguna domin sankarar huhu da ta bazu, kuma babban haƙƙin mallakarsa a Amurka zai ƙare a 2028, abin da zai buɗe ƙofa ga wasu kamfanoni su yi irinsa da rahusa. Ko a yanzu ma, akwai iyalai a Nijeriya da Nijar da kan sayar da gona ko gida su kai majiyyacinsu Masar ko Indiya, a ɗaura masa ruwan, ya hau jirgi ya dawo. Maganin kuwa ba ya barin jiki da wuri. Sai an yi kimanin mako 3 kafin rabinsa ya fita daga jini, tasirinsa a kan garkuwa kuma yana wuce haka nesa ba kusa ba. Saboda haka likitan da ya ba da maganin yana can wata nahiya, illar kuma tana iya tasowa a Funtuwa ko Maraɗi.

A nan ne hatsarin yake ninkuwa. Mutum ya yi zazzaɓi da ruɗewa, zaton kowa zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai. Wuya ya sandare a lokacin zafi, a ce sanƙarau, kuma ba laifi a yi wannan zato a yankin da cutar ta saba ɓarkewa. Dattijo ya fara sambatu yana ganin abin da babu, a ce iska ce ko sammu, a yi kwanaki ana hayaƙi. Wanda jikinsa ya yi laushi kuwa, hanya mafi kusa ita ce ta kemis, inda za a ce taifot ne ko maleriya. Abin takaici shi ne, wasu daga cikin magungunan da aka fi saurin miƙawa a irin wannan hali, kamar ciprofloxacin, da allurar gentamicin, da kwinin, da kulorokwin, suna cikin waɗanda aka san suna tsananta mayasteniya. Mai kemis bai yi da mugun nufi ba, ba a gaya masa abin da ke cikin jinin mutumin ba ne. Shi kansa sitiroyid ɗin da ke ceton rai yana da nasa sharaɗi a ƙasar da tarin fuka da ciwon hanta nau'in B suka yawaita, domin yana iya tayar da su daga barci. Wannan ya sa ya wajaba a auna majiyyaci a kan cututtukan biyu tun kafin a ɗaura masa ruwan farko. Ga shi kuma likitocin jijiya ƙalilan ne, mafi yawansu suna manyan asibitocin koyarwa.

Saboda haka duk asibitin da zai fara ba da wannan magani, bai kamata ya tsaya ga sayen kwalabe da firjin ajiye su ba. Sai ya tanadi lambar wayar da za a kira dare da rana, da likitan jijiya da na zuciya da za a iya tuntuɓa, da gado mai na'urar numfashi. Kwalejojin horar da ma'aikatan jinya da na lafiyar al'umma su ma lokaci ya yi da za su sanya wannan babi a darasinsu, tun da ɗalibansu ne za su fara karɓar majiyyacin a ƙaramin asibiti. Malamin kimiyyar halittu a sakandare kuwa ya sami misali mai rai da zai haɗa darasin garkuwar jiki da na jijiyoyi, waɗanda aka saba koyarwa kamar ba su san juna ba. Ɗalibansa ba 'yan kallo ba ne a wannan lamari: a gidaje da yawa, ɗan sakandare shi ne mai karanta takardar asibiti, shi ne mai raka kaka ganin likita, shi ne kuma ke zaune kusa da ita da yamma lokacin da fatar ido ke saukowa.

Akwai abu ɗaya da ba ya bukatar jiran gwamnati ko kasafin kuɗi. A Turai, masu karɓar nivolumab da pembrolizumab akan ba su wani ɗan kati da za su riƙa yawo da shi a aljihu, su nuna wa duk ma'aikacin lafiyar da suka je wurinsa. Irin wannan kati ya kamata a buga da Hausa, da boko da ajami, tare da Turanci ko Faransanci a bayansa domin likita. A rubuta sunan maganin, da ranar da aka ɗaura na ƙarshe, da lambar wayar wanda ya ba da shi. A jera alamun da ba a kwana da su: saukowar fatar ido, ganin abu biyu-biyu, ƙwarewa wajen sha, raunin wuya ko ƙafafu, haki in an kwanta, ciwon ƙirji, ruɗewa, jijjiga. A ƙasa kuma a ja layi da jan biro, cewa kada a ba mai wannan kati wani magani sai an tuntuɓi likitansa, kuma katin yana aiki har shekara guda bayan ƙarin ruwa na ƙarshe.